Tulun da Ya Dawo Gida a Bushe

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma baban yara ya riga ni komawa. Yau kwana arba'in ke nan. Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce ƙananan surori ba, saboda haka 'yata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta dakata, kada ta gyara mini magana, kada kuma ta cire wurin da na yi laifi, domin akwai shi.

Kwana uku gidanmu a nan Zuba bai rabu da jama'a ba. Ina ɗaki a kan tabarma, muryoyi na shigo mini ta taga. Direbobin da ke sauke lemo daga Binuwai sun zo. Masu shaguna, Kanawa da Katsinawa, sun cika rumfar ƙofar gida. Wani Bayerabe mai otal a cikin gari, wanda baban yara ya daɗe yana wanke wa esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tsaya a tsakar gida yana ta cewa, "Oga ya tafi, oga ya tafi," har aka kama hannunsa aka fitar da shi. Matan coci suka shigo da ɗankwalinsu, ba su san abin da ake faɗa a irin wannan zama ba, sai suka durƙusa suka riƙe hannuna kawai. A rana ta biyu wani ya shiga zaure ya bar ƙofa a buɗe, sai na ji wani dattijo ya ɗaga murya, "Rufe ƙofa, malam, nan ba tasha ba ce!" Yadda baban yara ke faɗa sak. Maza suka fashe da dariya, dariyar kuma ta yanke lokaci guda. Ni a ciki na cusa mayafi a baki.

Kowa ya ce mutumin kirki ne. Gaskiya ne, amma ba mai sauƙin zama ba ne, kuma ni da na zauna da shi shekara arba'in da ɗaya na fi kowa sani.

Daga Zariya muka zo, yana gyaran firij da esi. Daga baya ya haɗa ɗakin sanyi a kasuwar 'ya'yan itace, da tsohuwar kwantena da injin da ya tsinto gunduwa-gunduwa. Masu tuffa da inabi ke ajiye kayansu a ciki. A can sama kusa da rufi akwai wani akwati mai siraran ƙarafa jere, shi yakan ce haƙarƙarin inji ne, da fanka biyu da ke tura iska ta tsakaninsu. Duk danshin da ya shiga ɗakin, can yake zuwa ya kwanta ya zama ƙanƙara. Mutane in suka ga ƙarfen ya yi fari fat sai su ji daɗi, su ce yau inji na aiki. Shi kuwa sai ransa ya ɓaci.

"Wannan ba sanyi ba ne," yakan ce. "Bargo ne. Sanyin yana ciki an lulluɓe shi. Kai in aka toshe maka hanci da auduga, za ka yi numfashi?"

Duk faɗansa a kan wannan ne. Kada a bar ƙofa a buɗe. Kada a ɗage labulen roba a rataye. Kada a shigo da kwali da ruwan sama ya taɓa. Kada a wanke tuffa a kawo ta a jiƙe. Ya taɓa mayar da wani Alhaji da kwali ashirin ya ce ya je ya shanya su tukuna. Yakan ce wa masu kaya, "In kin shiga sanyi bai ciji kunnenki ba, ki zo ki gaya mini, ko ina kan abinci ne."

Akwai wani ɗan agogo da ake sa wa irin wannan inji ya riƙa kashe kansa don ƙanƙarar ta narke. Sau uku yana saya, sau uku wuta na zuwa da ƙarfi ta ƙone shi. A na ukun ya dawo gida ya jefa shi cikin kwandon shara ya ce, "To, daga yau ni ne agogon." Tun daga nan, kullum aka kira azahar sai ya kashe inji, ya bar fanka na juyawa, ya kulle ƙofa, ya tafi masallaci. Da damina har da safe ma yakan ƙara.

A garin da ake roƙon Allah a kawo wuta, mutum ya ga wuta ya sa hannu ya kashe inji da gangan! Sun ce ya haukace. Wani Bakatsine mai inabi ya taɓa cakumar wuyan rigarsa a gaban jama'a, yana cewa, "Jiya wuni muka yi ba wuta, yau an kawo ka kashe? Kayan ubanka ne a ciki?" Baban yara bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Ba kayan ubana ba ne, shi ya sa. Sake ni in yi alwala." Ya dawo gida da maɓalli biyu a tsinke, na ɗinke masa, bai gaya mini wanda ya yi ba sai bayan shekara.

Ni ma na sha nawa. Muna da firiza a gida da nake ƙulla zoɓo da kunun aya. Wani jajibirin Sallah firizar ta cika da ƙanƙara, ina sauri, na ɗauki wuƙar yankan albasa na hau sassaƙa. Sai na ji "fiii", kamar maciji. Na huda bututu, gas ya fice. Da ya dawo ya leƙa, ya kalli wuƙar, ya kalle ni. Bai zage ni ba. Kwana biyu bai ce mini komai ba sai sallama, har Sallar ta wuce. Rana ta uku ya liƙe bututun, ya sa ni na ɗora ruwa a wuta, ya ce kada ya tafasa, ɗumi kawai, wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Ya ba ni buta ya riƙe hannuna muna zubawa a hankali.

"Ba a dukanta," ya ce. "Lallashinta ake yi."

Na ce, "Da ni ma haka kake lallashina, da na yi ƙiba."

Ya yi dariyar da har yau nake ji. Dakata, 'yar nan. To, ci gaba.

Sai maganar tulu. A cikin masu tuffa akwai wata Bagwariya 'yar Ushafa, mai ɗanyen jini da saurin magana, Baba take ce masa, ni kuma Mama. Mahaifiyarta na ginin tukwane, kuma tana da ciwon sukari, allurarta sai a firij. Wata rana firijin ya mutu. Baban yara ya rufe aikinsa ya bi ta har ƙauyen, ya gyara, ya ƙi karɓar ko kuɗin mota. Tsohuwar ta ce ba zai fita hannu sake ba, ta ba shi tulu mai siririn wuya. Na yi murna na ce na samu na ruwan sha. Ya ce a'a. Ya kai shi kasuwa ya ajiye a bayan kwantena, daidai bakin bututun da ruwan ƙanƙara ke fita. Shi ne ma'auninsa. In ya dawo daga masallaci ya ci abinci, sai ya tsuguna ya leƙa. In ruwa ya kawo wuya kuma ɗigon ya tsaya, haƙarƙari ya washe, sai ya kunna. Ruwan kuma ya zuba wa wata bishiyar gwanda da ke wurin. Tulun nan tun da aka kai shi ban taɓa ganinsa ba sai a jiƙe, gindinsa har ya yi gansakuka.

Ranar wata Talata ya kashe inji, ya shiga masallacin kasuwa, bai ɗago daga sujadar ƙarshe ba. Aka kai shi asibiti a Gwagwalada. Ƙaninsa, wanda yara ke kira Baba Ƙarami, direban tirela ne da ya ajiye tuƙi, shi ya zare makullai daga aljihunsa ya koma ya kunna. Washegari da hantsi baban yara ya buɗe ido, bakinsa ya karkace, harshe ya yi nauyi. Na kai kunnena. Ya ce, "Ki gaya wa ƙanina. Kullum azahar, a kashe. Kayan mutane ne." Na ce to. Ya sake cewa, "Kin ji?" Na ce na ji. Bai kai azahar ɗin ba.

Ki rubuta wannan da kyau: ban gaya masa ba. Na manta. Saƙo ɗaya mijina ya bar mini a duniya, kuka ya shafe mini shi.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, Baba Ƙarami ya shigo tsakar gida ya tsaya a bakin labule. Ɗakin cike da mata.

"Yaya, ga kayan marigayi da ke kasuwa. Jakar aikinsa, da takalmansa da aka bari a masallaci, da wannan tulun na alwalarsa."

Aka miƙo mini. Tun kafin in karɓa na ga launinsa ya canza, ya yi ja kamar sabo. Na zura hannu ciki. A bushe ƙamas. Gansakukar gindin ta bushe tana ɓarewa. A take maganar asibiti ta dawo mini kamar an mare ni.

Na ce, "Baba Ƙarami, yaushe rabon da a kashe inji?"

"Kashewa? Haba Yaya. Ai tun ranar da ya faɗi wuta ba ta ko ƙifta ba, albarkacinsa ne. Ki ga ƙanƙara kuwa, fari fat, ƙarfen ma ba a gani. Kwantar da hankalinki."

Kwana huɗu, a tsakiyar damina, ana shiga ana fita da jiƙaƙƙun kwalaye. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce, "Ka koma yanzu ka kashe."

"In kashe? Da kayan mutane a ciki?"

"Shi ya ce in gaya maka."

"Ya ce, shi ne sai yau?" Muryarsa ta canza. "Ni ma ɗan'uwana na rasa, Yaya. Kwana huɗu ina gadin wurin nan. Yanzu in je in kashe, kaya su lalace, a ce ƙaninsa ya ɓata masa suna tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

Na ɗauki mayafi na nufi ƙofa. Kasuwar nan daga gidanmu ko minti goma ba a yi, ina jin ƙarar tireloli daga ɗakina. Mata suka riƙe ni. "Hajiya, takaba kike! Yau kwana uku!" Wata ta ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, a kawo ruwa. Ni kuwa abin da nake gani shi ne tuffa da inabin mutum fiye da goma suna ɗumama a hankali a bayan ƙofar da aka amince wa mijina, kuma ni ce sanadi.

Sai 'yar Ushafa ta miƙe daga lungun da take zaune. Ta ce, "Mama, bari. Jiya na shiga ɗauko kaya, sanyi bai ciji kunnena ba. Na ce ko jikina ne. Duk tuffa namu, ni da mata huɗu, yana ciki." Ta juya wajen labule. "Baba Ƙarami, wannan ba tulun alwala ba ne. Uwana ne ya gina shi, na san aikinsa. Ka kawo makulli ko ka biyo ni." Ta saɓa tulun a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, ta fice. Na ji takunsa a bayanta, yana gunaguni.

Ba a jima ba wayar 'yata ta yi ƙara. 'Yar Ushafa ce daga kasuwa. 'Yata ta ƙara murya ta riƙe mini a kunne, matan ɗakin duk suka matso. Na ce a shiga da wayar ciki. Ban taɓa taka ɗakin nan sau biyar ba a rayuwata, amma shekara da shekaru ina cin abinci da labarin kukan injinsa. Abin da na ji ba shi ba ne. Fanka na dukan wani abu, kat-kat-kat, injin waje kuma na nishi ba hutu.

Na ce, "A kashe duka, har fanka. Jan makunni na hagu, sannan baƙin."

Aka kashe, sai hayaniya ta tashi daga waje. Masu kaya sun ji inji ya tsaya. "Wa ya kashe?" "Ga wuta fa!" "A buɗe mu kwashe kayanmu!" In aka buɗe ƙofar nan kowa ya kutsa, ɗan sanyin da ya rage zai fice, kuma babu wani ɗakin da zai ɗauki kayan a ranar. Ina ta cewa kada a buɗe, babu mai ji na. Sai wata murya mai kauri ta danne sauran.

"Duk wanda ya taɓa ƙofar nan, ni da shi! Matar Baba ce ke magana. Ku ja baya, nan ba tasha ba ce!"

'Yar Ushafa ta raɗa mini, "Mama, Bakatsine ne." Mutumin da ya tsinke masa maɓalli.

Na ce a rufe kwalayen da ke ƙarƙashin akwatin da tamfol, a je wurin mai shayi a karɓo ruwan zafi a sirka, a riƙa zubawa da buta daga sama. Mutum biyu kawai a ciki. Aka fara. Ina jin zubar ruwa, ina jin numfashinsu. Can sai na ji wani sauti da na sani tun jajibirin Sallar nan: ƙar, ƙar, ƙar.

"Mene ne wannan?"

"Baba Ƙarami ne, Mama. Ya karɓo wuƙa wajen mai feren lemo. Ya ce ruwa ba ya sauri."

Ban san ina da irin wannan murya ba. Na ce, "Baba Ƙarami! Don girman Allah ajiye wuƙar nan! Bututun da ke cikin ƙanƙarar nan bai kai kaurin farcenka ba. Ka huda shi, an gama, ba mai gyara shi yau, mai gyaran yana kabari!"

Ƙarar ta tsaya. Sai na ji ƙarfe ya faɗi a ƙasa.

Ya ce, a hankali, "To yaya zan yi, Yaya? Dutse ce fa."

Na ce, "Lallashinta ake yi. Ɗauki buta."

Aka kira azahar muna kan haka. Na yi salla a gurguje na dawo kan wayar. Buta nawa aka zuba, ban sani ba. Na ce a duba tulun da aka mayar bayan kwantena. 'Yar Ushafa ta zagaya ta ce babu ko ɗigo. Ƙanƙara na narkewa amma ruwan ba ya fita, ke nan bututun fitar ma ya daskare. Farantin da ke tare ruwan ya kusa cika, in ya cika zai kwararo kan kaya, kuma duk ruwan da ya zuba a ɗakin gobe ƙanƙara zai koma. Na rufe ido ina neman abin da baban yara ke yi. Sai na tuna wata rana da ya dawo da gaban riga a jiƙe, na tambaye shi, ya ce sumba ya yi wa bututu.

Na ce a zuba ruwan ɗumi a jikin bututun daga waje, sannan wani ya sa baki ya hura da ƙarfi.

"Wa zai hura?" in ji 'yar Ushafa. "Wurin duk caɓi ne."

Sai na ji Baba Ƙarami ya ce, "Riƙe mini hula."

Mutum mai shekara sittin da ɗoriya, da babbar rigar zaman makoki, ya durƙusa cikin caɓi a bayan kwantena. Na ji yana hurawa, ya huta, ya sake. Sau huɗu. A na biyar sai ga tari da salati, jama'a suka sa ihu. Ruwan ya ɓalle masa a fuska.

"Mama! Mama, ji!" Ta kai wayar bakin tulu.

Na ji ruwa na zuba cikin tulun, da farko da kurman sauti, sannan sautin na hawa yadda tulu ke yi in yana cika. Kwana uku ina kuka, amma wannan ne kukan da ya fito daga ƙasan cikina. Matan da suka riƙe ni ɗazu suka taya ni, rabinsu ba su san dalili ba.

Sau huɗu tulun ya cika aka zuba wa gwanda. Da la'asar ɗigon ya tsaya, aka ce ƙarfen ya fito tas. Na ce a kunna fanka tukuna, sannan jan makunni. Kafin magariba 'yar Ushafa ta sake kira ta ce, "Mama, ya cije ni."

Tuffa ta tsira. Inabin da ke kusa da ƙofa bai tsira ba, kwali bakwai sun yi laushi sun fara tsami, kuma na Bakatsinen ne. Na aika 'yata ta gaya masa gaskiya, cewa ba laifin marigayi ba ne, ba na ƙaninsa ba, ni aka ba saƙo na riƙe. Ya ce ta gaya mini shi ma akwai maɓalli biyu a wuyansa da bai taɓa neman gafararsu ba, a bar maganar. Shi ya bari. Ni ban iya bari ba tukuna.

Wannan shi ne mijina. Bai gina masallaci ba, bai bar gidan sama ba. Ya tsare kayan mutane da buta da tulu da faɗa a kan ƙofa. Duk wanda ya taɓa daka wa tsawa, don Allah ya yafe masa, ba don kansa yake yi ba. Ya Allah Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi, Ka karɓi sujadar da ya tafi a cikinta. Ni kuma Ka yafe mini mantuwata, Ka haɗa ni da shi in gaya masa saƙon ya isa, ko da a makare.

Tulun ya koma wurinsa. Baba Ƙarami ke riƙe da makullai, kuma an ce yanzu ya fi yayansa masifa a kan ƙofa. Kullum in ya kashe yakan kira ni. Ba ma gaisawa sosai, wayar kawai yake kaiwa bakin tulu, in saurara, in ce to.

Ga shi ana kiran azahar. Ajiye biron nan, 'yar nan, miƙo mini wayar.